Cututtukan tafarnuwa: yadda ake gane su da yadda ake magance su

Tafarnuwa na daga cikin kayan lambun da ake nomawa da rani a arewa maso yammacin Nijeriya, musamman a jihohin Sakkwato da Kebbi da Zamfara da kuma Kano.

A yammacin jihar Zamfara, inda ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum da Gummi suke, manoman rani kan dogara ne da fadamu da rijiyoyi. Baya ga albasa da tattasai da tumatir, wasu magidanta kan ware fangali ɗaya ko biyu domin tafarnuwar da za a yi amfani da ita a gida, a kuma sayar da abin da ya saura.

Rashin tsaron da ya addabi yankin cikin shekarun baya-bayan nan ya hana mutane da dama zuwa gonakinsu na nesa, lamarin da ya ƙara wa lambunan da ke kusa da gida muhimmanci.

Galibi ana shuka tafarnuwa ne a watan Nuwamba, lokacin da hunturu ya kama, a kuma cire ta bayan watanni huɗu zuwa biyar. Cutar da ta shiga fangali a tsakanin wannan lokaci na iya cinye amfanin shekara guda, ta kuma lalata irin da za a shuka baɗi.

Me ya sa tafarnuwa ke gadon cuta?

Asalin tafarnuwa daga yankin tsakiyar Asiya ne, kuma ƙasar Sin ce ke noma kimanin kashi uku cikin huɗu na wadda ake samarwa a duniya.

Ba kamar albasa ba, wadda ake yafa irinta a reni yabanya sannan a dasa, tafarnuwar da ake nomawa ba ta yin irin da za a shuka. Dunƙulenta ake ɓarewa a shuka ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya.

Ma'anar wannan ita ce, kowace sabuwar shuka wani yanki ne na jikin tsohuwar. Duk cutar da ke cikin uwar, ita ce 'yar za ta tashi da ita.

Saboda haka ne masana aikin gona ke cewa yawancin cututtukan tafarnuwa na shiga lambu ne ta hanyoyi uku: ta irin da aka shuka, ko ta ƙasar da aka shuka shi a ciki, ko kuma ta yadda ake yin ban-ruwa.

Matakin farko: duba kafin feshi

Kusan dukkan cututtukan tafarnuwa kan fara ne da alama iri ɗaya, wato ganye ya yi rawaya. Don haka launin ganye kaɗai ba ya isa a yanke hukunci.

Abu na farko da ya kamata manomi ya lura da shi shi ne yadda matsalar ta bazu. Idan fangalin baki ɗaya ya yi rawaya bai ɗaya, tun daga tsofaffin ganyen da ke ƙasa, to galibi ƙarancin taki ne, ko kuma ruwa ya yi yawa har saiwa ta kasa shaƙar iska.

Idan kuwa matsalar ta fara ne a wani gefe, tana faɗaɗa a hankali zuwa shukokin da ke maƙwabtaka, to akwai yiwuwar cuta ce da ke cikin ƙasa.

Idan kuma shuka ɗaya ce nan, ɗaya can, suka tsumbure tun suna ƙanana, to zargi kan koma kan irin.

Abu na biyu shi ne a tumɓuke shuka biyu ko uku daga cikin waɗanda suka fara nuna alama, ba waɗanda suka riga suka mutu ba. A duba launin saiwar, a duba gindin dunƙulen inda saiwa ke fitowa, a yanka shi biyu, a kuma sansana.

Ya kamata kuma a tuna cewa idan lokacin cirewa ya kusa, ganyen tafarnuwa kan bushe daga ƙasa zuwa sama. Wannan alamar nuna ce, ba cuta ba.

Tabon shunayya a ganye

Wannan na daga cikin cututtukan da suka fi damun albasa da tafarnuwa a arewacin Nijeriya. Wani nau'in funfuna ne da masana ke kira Alternaria porri ke haddasa ta.

Tana farawa ne da ƙananan tabo farare masu ɗan zurfi a kan tsofaffin ganye. Daga baya sai tabon ya faɗaɗa, tsakiyarsa ta koma launin shunayya ko ruwan ƙasa, da zobba-zobba a ciki, gefensa kuma ya yi rawaya. Idan tabon ya kewaye ganyen, sai ya karye ya bushe.

Da yake ganye ne ke ciyar da dunƙule, shukar da ta rasa ganyenta da wuri ba ta yin babban kai.

Cutar ta fi ƙarfi idan akwai ɗumi, kuma ganye ya daɗe da jiƙa, ko da raɓa ko da ruwan da ake watsawa daga sama. Ƙwayoyinta kan zauna a busasshen lawashi da ragowar ganyen da aka bari a gona, iska kuma ta kwashe su zuwa sabuwar shuka.

Hanyar rage ta ita ce a yi ban-ruwa da safe ta gindin shuka, a bar tazara domin iska ta ratsa, a kuma kwashe ganyen da suka kamu a ƙone. Idan ta fara yaɗuwa, ana amfani da maganin funfuna irin su mankozeb. Sai dai maganin na kare lafiyayyen ganye ne kawai, ba ya warkar da wanda ya riga ya kamu.

Ƙwarin da ke buɗe wa cuta ƙofa

Akwai wasu ƙananan ƙwari da tsawonsu bai kai milimita 2 ba, waɗanda a kimiyyance ake kira Thrips tabaci. Suna ɓoye ne a matsatsin da ke tsakanin ganye, kusa da wuyan shuka.

Sukan kankare fatar ganye su tsotse ruwansa, su bar shi da zane-zane masu ƙyalli kamar azurfa. Raunin da suka yi ne funfunar tabon shunayya ke bi ta shiga cikin sauƙi.

Yawansu kan ƙaru ne idan sanyi ya fara janyewa, zafi da bushewa suka shigo, wato wajen watannin Fabrairu da Maris. Wannan ne ya sa wanda ya yi shuka da wuri kan fi tsira, domin kafin ƙwarin su yi yawa tafarnuwarsa ta riga ta yi kai.

Ana iya gane su ta hanyar buɗe tsakanin ganye a hankali, ko a kakkaɓe shukar a kan farar takarda.

A ƙaramin lambu, ruwan 'ya'yan dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya, na taimakawa. Ana daka kimanin giram 50 na busassun ƙwayoyin, a jiƙa a lita ɗaya ta ruwa ya kwana, a tace, a ƙara ɗan sabulu, a fesa da yamma har ruwan ya shiga tsakanin ganye.

Ruɓewar gindi

Funfunar Fusarium, wadda ke zaune a cikin ƙasa, ita ce ke haddasa wannan cuta, kuma ta fi son ƙasa mai ɗumi, daga kimanin digiri 25 a ma'aunin Salshiyas zuwa sama.

Ganye kan fara bushewa daga tsini zuwa ƙasa. Idan aka tumɓuke shukar, za a tarar saiwa ta ruɓe, gindin dunƙulen kuma ya koma ruwan ƙasa. Wani lokaci akan ga funfuna fara ko mai ɗan ja-ja a wurin.

Haɗarin wannan cuta shi ne, dunƙule na iya fitowa daga gona kamar lafiyarsa ƙalau, sai bayan makonni a ɗaki a tarar ƙwayoyin sun yi tabo sun motse. Funfunar kan shiga ne ta raunin da fartanya ko ƙwari suka yi wa gindin shuka.

Jar saiwa

Alamar wannan cuta a bayyane take: saiwar tafarnuwa, wadda ya kamata ta kasance fara, sai ta koma ruwan hoda, daga nan ta yi ja, ta bushe ta mutu.

Shukar kan yi ta ƙoƙarin fitar da sabuwar saiwa, ita ma ta kamu. Ba kasafai take mutuwa ba, amma takan tsumbure kamar wadda ke jin ƙishirwa, ta yi ƙaramin kai.

Ita ma cutar ƙasa mai ɗumi ce, kuma ta fi tsanani a wurin da aka daɗe ana maimaita albasa ko tafarnuwa shekara bayan shekara, ko inda ƙasa ta gaji.

Farar ruɓewa

A duniya baki ɗaya, wannan ce cutar da manoman tafarnuwa suka fi tsoro. Sunan funfunar da ke kawo ta Sclerotium cepivorum, kuma dangin albasa kawai take kamawa.

Ta bambanta da biyun da suka gabata domin ƙasa mai sanyi da danshi take so, tsakanin digiri 10 zuwa 20. Don haka a ƙasashe masu zafi, tsakiyar lokacin sanyi ne ya kamata a sa ido a kanta.

Shukar kan yi yaushi, ta tumɓuku ba tare da wahala ba domin saiwarta ta ruɓe. A gindinta akan ga farar funfuna kamar auduga, da wasu baƙaƙen ƙwayoyi ƙanana da ba su wuce kan allura ba.

Waɗannan baƙaƙen ƙwayoyi na iya zama a cikin ƙasa har shekaru 20 ko fiye, suna jiran a sake shuka albasa ko tafarnuwa. Ke nan sauya amfanin gona na shekara biyu ko uku ba ya kawar da su.

Idan aka ga wannan cuta, a tono shukar tare da ƙasar da ke kewaye da ita a ƙone, a wanke fartanya da takalmi kafin a shiga wani fangali, kada kuma a bar ruwan da ya ratsa wurin ya gangara zuwa sauran lambun.

Tsatsa

Tsatsar tafarnuwa, wadda funfunar Puccinia allii ke kawowa, kan bayyana ne a matsayin ƙananan ƙuraje ruwan lemo a kan ganye. Idan aka shafa da yatsa, sai gari mai launin tsatsa ya maƙale.

Ta fi son yanayi mai sanyi da danshi. A shekarar 1998 ta ɓarke a jihar Kalifoniya, inda ake noma mafi yawan tafarnuwar Amurka, ta rage amfanin gonaki da dama da kusan rabi.

Cunkoson shuka da yawan takin yuriya na ƙara mata ƙarfi, domin suna sa ganye ya yi yawa ya kuma yi laushi.

Cututtukan da ba su da magani

Akwai ƙwayoyin cuta na bairos da ke zaune a cikin jikin tafarnuwa, waɗanda ƙwarin darɓa ke ɗauka daga wata shuka zuwa wata. Alamarsu ita ce dogayen zane-zane rawaya a kan ganye, da lanƙwashewa, da kuma tsumburewa.

Ba sa kashe shuka, amma suna rage girman dunƙule shekara bayan shekara, har manomi ya ce irinsa ya gaji. Babu maganin feshi da ke kashe su.

A ƙasashe irin su Burazil da Sin, masu bincike na samar da irin da aka tsarkake daga bairos a ɗakin gwaje-gwaje, su rarraba wa manoma. Ga mai ƙaramin lambu, abin yi shi ne ya cire shukokin da suka nuna alama, ya kuma sa wa mafi lafiya alama tun suna gona domin su zama irin baɗi.

Hakazalika akwai wata tsutsa da ido ba ya iya gani, Ditylenchus dipsaci, wadda ke sa shuka ta kumbura ta murɗe, dunƙule ya yi laushi kamar soso. Ta fi yawa a ƙasashe masu sanyi, kuma cikin iri take tafiya daga wuri zuwa wuri. A inda take, akan jiƙa iri cikin ruwa mai zafin digiri 49 na tsawon minti 20. Aiki ne da ke buƙatar ma'aunin zafi, domin idan zafin ya ɗara haka kaɗan sai ya kashe irin.

Wannan na daga cikin dalilan da suka sa bai dace a shuka manyan dunƙulen da ake shigowa da su daga waje domin abinci ba. Ban da cutar da ka iya biyo su, irin da ya saba da doguwar rana da tsananin sanyi na iya yin ganye ya ƙi yin kai.

Bayan an cire

Asara mai yawa na faruwa ne a ɗaki. Baƙar funfuna, Aspergillus niger, kan fito kamar garin gawayi a ƙarƙashin ɓawo idan zafi ya haura digiri 30 kuma akwai danshi. Shuɗiyar funfuna kan kama ƙwayoyin da suka ji rauni. Idan kuwa dunƙule ya yi laushi yana fitar da ruwa mai wari, to aikin bakteriya ne.

Rigakafin ya fara ne tun daga gona. A dakatar da ban-ruwa kimanin makonni biyu kafin cirewa. A cire idan kusan rabin ganyen ya bushe, a yi hankali kada fartanya ta sare dunƙule.

A shanya a inuwa mai iska na tsawon makonni biyu zuwa uku, har wuyan ya bushe sarai. Rana mai tsananin zafi na iya dafa ƙwayoyin.

A ajiye a kwando, ko a ɗaure a rataye. Leda da buhun da ba ya shan iska na tara gumi. Kuma haɗari ne a zuba wa tafarnuwar da za a ci maganin ƙwari domin ta daɗe.

Ƙasar Dareta da batun dalma

A wannan yanki akwai wata matsalar da ba ta nuna alama a ganye ko a saiwa, amma ta fi dukkan waɗanda aka ambata haɗari.

A watan Maris na shekarar 2010 ne ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa yara na mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Bincike ya nuna gubar dalma ce, wadda ta fito daga duwatsun zinari da ake kawowa cikin gidaje ana dakawa ana niƙawa.

An ƙiyasta cewa yara aƙalla 400 ne suka rasu. Dareta da 'Yargalma na daga cikin ƙauyukan farko da aka fara aikin tsabtacewa a 2010, inda aka kankare ƙasar sama a cikin gidaje aka maye gurbinta da sabuwa. An yi irin wannan aiki a Bagega a 2013.

Wata tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta je yankin a 2010 ta kuma samu dalma mai yawa a kududdufan da ake wanke ma'adinai.

Dalma ba ta ruɓewa a cikin ƙasa, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Tafarnuwa na iya girma lafiya lau a ƙasar da ta gurɓace. Babban haɗarin yana cikin ƙasar da ke maƙale wa dunƙule, da ƙurar da ke tashi lokacin haƙa, da kuma yaran da ke wasa a wurin suna kai hannu baki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma ƙananan yara da mata masu juna biyu ne ta fi yi wa illa.

Don haka kada a yi lambu a wurin da aka taɓa daka ko niƙa ko wanke duwatsun zinari, ko kusa da ramukan da aka binne gurɓatacciyar ƙasa. Kada a yi ban-ruwa da kududdufin da ake wanke ma'adinai a ciki. A gidan da aka tsabtace, haƙa mai zurfi na iya dawo da tsohuwar ƙasa sama. Ya fi kyau a yi shuka a buhu ko a tudun da aka cika da ƙasar da aka ɗebo daga nesa da wuraren aikin zinari.

A yanke saiwa, a ɓare ɓawon sama a wajen ɗakin girki, a wanke ƙwayoyin da hannuwa kafin a yi amfani da su. Yaron da ake zargin ya kamu da gubar dalma kuwa asibiti ya kamata a kai shi a gwada jininsa. Tafarnuwa, duk da amfanin da aka san ta da shi, ba ta maye gurbin maganin asibiti.

Hanyoyin rigakafi

A zaɓi iri daga dunƙule mai tauri, marar tabo, a kuma ɓare shi dab da lokacin shuka. A shuka manyan ƙwayoyin, a kai ƙananan tukunya.

A bar tazarar kimanin santimita 10 tsakanin shuka da shuka, da santimita 15 zuwa 20 tsakanin layi da layi.

Kada a maimaita tafarnuwa ko albasa a wuri ɗaya sai bayan shekaru uku zuwa huɗu. Wannan na rage cututtukan ƙasa, ko da yake ba ya kawar da su gaba ɗaya.

A yi amfani da takin gargajiya da ya ruɓe sosai, kada kuma a zuba ragowar albasa ko tafarnuwar da ta yi cuta a cikin juji.

A guji wurin da ruwa ke kwanciya. Bayan ambaliya irin wadda ta afka wa Gummi a watan Agustan 2024, ruwa kan kwaso ƙasa daga wata gona zuwa wata tare da ƙwayoyin cutar da ke cikinta, don haka fangalin da ba a taɓa ganin cuta a cikinsa ba ma na buƙatar sa ido.

Ƙaramin fili da cutar ƙasa ta kama ana iya gasa shi da rana. A watannin Afrilu da Mayu, a jiƙa ƙasar sosai, a rufe ta da farar leda mai nuna ciki, a binne gefunanta, a bar ta makonni huɗu zuwa shida. Zafin da ke taruwa a ƙarƙashi na rage funfunar da ke saman ƙasa.

Idan za a yi feshi

Maganin ƙwari ba ya kashe funfuna, haka shi ma maganin funfuna ba ya kashe ƙwari. Kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke farfaɗo da dunƙulen da gindinsa ya riga ya ruɓe.

A sayi maganin da ke ɗauke da lambar rajistar hukumar NAFDAC, a bi ma'aunin da aka rubuta a jikinsa, a kuma kiyaye adadin kwanakin da aka ce a jira kafin cirewa. A rufe hanci da baki da hannuwa, a nisantar da yara, kada kuma a zuba ruwa ko mai a cikin robar da maganin ya ƙare.

A ƙarshen shekarar 2020 Tarayyar Turai ta yanke shawarar daina amincewa da mankozeb saboda dalilan lafiya, abin da ke nuna cewa ko maganin da aka saba da shi yana buƙatar taka-tsantsan.

Manomin da ya kasa tantance cutar na iya kai shukar gaba ɗayanta, da saiwa da ƙasar jikinta, a naɗe cikin takarda, wurin malamin gona na ƙaramar hukumarsa. Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samarun Zariya, da tsangayar aikin gona ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, na daga cikin wuraren da ke da masana cututtukan tsirrai a yankin arewa maso yamma.